Takalmin Gangara

Wata bakwai da faɗuwar Injiniya, likita ya ɗaga hoton ƙashin ya duba a hasken taga, ya ce ƙafa ta warke sarai, ko ƙwallo yake so ya je ya buga. Matarsa, da ke tsaye a bayansa riƙe da jakar magunguna, ta yi hamdala a fili. Shi kuwa sai ya ce, “To, madalla,” da muryar mutumin da aka ce gobe za a cire masa haƙori.

Aikinsa kula da ƙarfen sabis ɗin da ke kan tsaunin bayan gari. Shekara goma sha biyu ke nan, duk bayan mako biyu motar kamfani takan ajiye shi a gindin tsaunin, ya saɓa jakar kayan aiki, ya yi tafiyar awa uku a ƙafa, ya duba batura, ya goge farantan sola, ya ɗaure abin da iska ta kwance, sannan ya gangaro. A irin wannan gangarowa ne, wata rana da aka yi yayyafi, ya taka wani falalen dutse da takalmin da ƙasansa ya riga ya siɗe, ƙafa ta tafi ta bar shi. Idon sawun dama ya karye gida biyu, wayarsa ta fashe a aljihu. Awa huɗu yana kwance kafin direban da ke jiransa a ƙasa ya gaji da jira ya tara mutane suka bi sawu. A asibiti da almakashi aka yanke takalmin, aka sa wa ƙashin ƙarfe da kusoshi.

Matar tasa tela ce. Shagonta yana jikin gidansu, ɗaki ɗaya mai keke biyu da teburin yanka da madubi mai tsaga a kusurwa. Duk layin Anti Tela ake ce mata, mijinta kuwa Tela yake cewa zalla, ita kuma ta ce masa Injiniya ko a cikin faɗa. Ita ta yi jinyar nan tun daga ɗaukar fo har zuwa ranar da ya jefar da sanda, don haka da likita ya sallame su, a ranta ta ɗauka an gama.

Ashe ba a gama ba. Mako ya wuce, wani ya biyo. Ogansa na kamfani, mutum mai haƙuri, yakan kira ya tambayi jiki, sannan a hankali ya tambayi ranar komawa tsauni, domin wanda aka ba riƙon aikin za a mayar da shi wani gari. Amsar Injiniya ɗaya ce kullum.

“Oga, takalmi ne matsalar. Ƙafar ta canja, babu wanda yake shiga.”

Kuma ba ƙarya ya yi ba, ƙafar daman ta fi ta hagu kauri da faɗi. Sau uku yana fita neman takalmi. Na farko ya ce ya matse shi, na biyu ya ce ya yi nauyi kamar an ɗaura masa bulo, na uku ya ce ƙasansa roba ce ta banza. Yakan dawo hannu biyu, ya zauna a kujerar da ke bakin shagonta yana gyara wa maƙwabta rediyo da fitilar caji. Tela ta fara ƙulewa. Har ta taɓa gaya wa yayarta a waya cewa zaman gida ya yi wa mutumin nan daɗi, kujera ta kama shi.

Wata safiya ta yanko kwali ta shimfiɗa a tsakar shago.

“Taso ka taka nan.”

“Na me?”

“Taka dai. Mutum ba ya gardama da mai tef a wuya.”

Ya taka. Ta durƙusa ta zagaye kowace ƙafa da biro, ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta auna kewayen idon sawu, ta rubuta a gefe kamar yadda take rubuta awon riga. Wata mai kawo mata ɗinki, matar wani ma'aikacin gandun daji, ta taɓa ba ta labarin shagon wani dattijo a ƙarshen layin masu takalma, wanda duk masu hawa tsauni wurinsa suke zuwa. Can ta nufa da kwalinta a jaka.

Shagon ƙarami ne mai zurfi, yana warin fata da man goge takalmi. Takalma a jere har rufi, sababbi a dama, na gwanjo a hagu, kowanne an cusa masa takarda don kada ya lanƙwashe. Mai shagon, wanda kowa ke kira Kawu, gajere ne mai furfura, da tabarau a rataye a ƙirji. Ya saurare ta har ta gama, ya karɓi kwalin ya duba, ya yaba tsabtar zanen, sannan ya miƙa mata abinta.

“'Yata, ba na cinikin biri a sama. Ki kawo min mai ƙafar.”

“Kawu, shekara ashirin ina awo. Ban taɓa ɗinka rigar da aka dawo min da ita ba.”

“Na yarda. Amma riga in ta yi yawa a rage, in ta matse a buɗe. Kuma wadda kika auna da safe ita ce za ta sa rigar da yamma. Ƙafa ba haka take ba. Ƙafar safe daban, ƙafar da ta yi awa huɗu tana dukan dutse daban. Wannan da kika zana ƙafar mai zaman kujera ce.” Ya nuna zanen daman da yatsa. “Ga shi kuma an taɓa ɗora ta. Kwali ba zai gaya min inda ƙusa take ba. Ki kawo shi da la'asar, lokacin da ƙafa ta kumbura ta kai iyakarta, ya zo da safar da zai hau da ita, mai kauri.”

Ta fito tana ƙunƙuni, amma tana tafe tana juya maganar, ta san dattijon ya fi ta gaskiya.

Kwana biyu ta yi tana fama kafin Injiniya ya yarda. Ya ce rana, ya ce nisa, ya ce duk masu takalma bakinsu ɗaya. Da ta ce to za ta kira Oga da kanta ta tambaye shi inda sauran ma'aikata suke saye, sai ya tashi ya ɗauko safa.

Kawu ya zaunar da shi a benci, ya jawo wata 'yar kujera ya ɗora ƙafar a gwiwarsa. Bai yi maganar takalmi ba tukuna. Ya bi tabon ɗinkin da babban yatsa, ya danna nan, ya danna can, yana tambaya, har ya gano inda kan ƙusa ya ɗan taso a ƙarƙashin fata. Sannan ya hau tsani ya sauko da takalma ƙafa huɗu.

Tela ta tsaya tana kallo da idon mai sana'a. Ta ga ya kama na farko ya murɗa shi kamar mai matse wanki, ya ajiye gefe. “Wanda ya murɗu a hannuna zai murɗu a kan dutse.” Na biyu ya sa Injiniya ya zura ba tare da ɗaure igiya ba, ya ce ya tura ƙafar gaba har yatsu su taɓa hanci, sannan ya soka yatsansa ta bayan dunduniya. Yatsan bai shiga ba. “Ya yi kaɗan. A hawa ba za ka ji ba, a gangara farce zai gaya maka.” Na uku ruwan ƙasa ne, mai wuya har saman idon sawu, ƙasansa da haƙora masu zurfi. Yatsan Kawu ya shiga daidai, babu saura.

“Ƙafar da ta fi girma ake saya wa takalmi,” in ji shi, “ƙaramar kuma a yi mata ciko.” Ya yanko wani soso mai tauri ya shimfiɗa a cikin na hagu. Da ya zo ɗaure na dama, sai ya tsallake rami ɗaya daidai kan ƙusar, igiyar ta bi ta gefe, ya ja ta da ƙarfi a wuya. “Tashi ka taka. Dunduniya tana ɗagawa?”

“A'a.”

“Yatsu suna motsi?”

“Suna yi.”

“Ina yake cizo?”

Injiniya ya kai ya kawo, ya kai ya kawo. Tela ta ga yana neman aibu ya rasa.

“Saura gwaji ɗaya,” in ji Kawu. “Ku biyo ni.”

A bayan shagon akwai ɗan fili. A nan Kawu ya gina wani tudu da siminti, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, ya dasa masa duwatsu da tsakuwa, gefe ɗaya ya kwantar da falalen dutse mai sulɓi. Ya ce duk takalmin da zai bar shagonsa zuwa tsauni sai ya hau nan ya sauka. Injiniya ya haye da taku uku, cikin sauƙi, kamar mai hawa matakalar gida. Ya juyo zai sauko. Ya ɗaga ƙafar dama, ya miƙa ta kan falalen, sai ya janye ta. Ya sake miƙawa, ya sake janyewa.

“Sauko mana,” in ji Tela.

“Yana matse ni.”

“Yanzu fa ka ce...”

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, ta ga hannunsa na hagu yana laluben abin kamawa a inda babu komai sai iska. Idonsa a kafe kan dutsen nan da bai fi faɗin tabarma ba. Babban mutum, mai furfura a gemu, wanda ya shekara goma sha biyu yana hawan abin da ita ko kallonsa take sai wuyanta ya gaji, ga shi ya kasa sauka daga tudun da akuya za ta tsallake.

Kawu bai dube ta ba. Ya matsa ya miƙa kafaɗarsa kamar ba da gangan ba.

“Dafa nan, Injiniya. Jiya aka wanke wurin, ni ma ban yarda da shi ba yau. Laifina ne.”

Injiniya ya dafa ya sauko. Kawu ya kawo masa ruwa, ya ce takalmi ya yi, ya tafi da shi ya yi mako biyu yana sawa a gida da kan titi kafin ya kai shi tsauni, don sabon takalmi da tsauni ba sa shiri. Da Injiniya ya fita gaba, dattijon ya rage murya ya ce mata, “Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Nawa aikin ya ƙare a idon sawu. Daga nan zuwa sama ba ni da na sayarwa.”

Sai da suka iso gida, ta buɗe shago, ta zauna a kan keke ba ta taka ba, shi kuma ya zauna a kujerarsa da kwalin takalmin a cinya, sannan ya yi magana, yana kallon titi.

“Kin gani ko?”

“Na gani.”

“Ba ciwon ba ne, Tela. Ciwo na manta shi. Ƙarar ce. Kin san ƙarar da rake yake yi in an karya shi a gwiwa? Duk sanda na sa ƙafa a gangara sai na ji ta. Matakalar ofis ma sai na jira babu kowa, in kama ƙarfe da hannu biyu.” Ya shafa murfin kwalin. “Awa huɗu ina kwance ina kallon ƙarfen sabis a samana, duk garin nan suna waya da shi, ni ko ke na kasa kira. Na yi ta ihu har murya ta tafi. To in gaya wa wa? In ce wa Oga tsoro nake ji?”

“Ni ba sai ka gaya min ba?”

“An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun na kwaso na kawo gida.”

Maganar da ta yi wa yayarta ta dawo mata, ta ji kamar ta haɗiye allura. Wata bakwai tana wanke ƙafar nan tana shafa mata mai, ta san kowane tabo a jikinta, amma ba ta taɓa tambayar abin da ya faru a awa huɗun nan ba. Ta so ta ba shi haƙuri, sai ta ga in ta fara za ta yi kuka, shi kuma kukanta zai ƙara masa nauyi. Ta tashi ta ɗora masa ruwan shayi.

Washegari da la'asar ta koma shagon Kawu ita kaɗai. Ta zauna a benci, ta cire silifas, ta ɗora ƙafarta a kan 'yar kujerar.

“Ga mai ƙafar na kawo.”

Kawu ya sa tabarau ya dube ta, ya dubi ƙafar, bai tambayi dalili ba. Ita kuwa kunya ta kama ta, don ƙafarta faffaɗa ce, dunduniya duk faso, ga wani ƙashi da ya turo a gindin babban yatsa saboda shekarun taka keke. Rabonta da takalmi sau-ciki tun tana makaranta.

“Kada ki ɓoye ta,” in ji shi. “Wannan ƙafa ce da ta yi aiki. Masu wahalar da ni su ne masu ƙafa kamar ta jarirai.”

Na mata duk suka matse ta a faɗi. A ƙarshe wani na maza ƙarami, baƙi, daga ɓangaren gwanjo, shi ya zauna. Kawu ya sa wani ƙarfe ya buɗa shi daidai wurin ƙashin, ya haɗa ta da safa biyu masu kauri, ya ce ta yanke farce kafin ranar hawa. Ta hau tudun simintin tana ɗaga ƙafa kamar kazar da ta taka ruwan zafi, ta sauko tana salati.

Da ta shigo gida da su a ƙafa, ƙwas ƙwas, Injiniya ya ajiye rediyon da yake gyarawa.

“Tela, soja kika shiga?”

“Tsauni zan hau.”

“Wane tsaunin?”

“Naka. Shekara goma sha biyu ina haɗa maka ruwa da guzuri, ban taɓa ganin inda kake kai su ba. Ina so in gani da idona. In za ka raka ni, to. In ba za ka ba, a nuna min hanya.”

“Ke da kike haki in kin hau benen yayarki?”

“Shi ya sa nake neman ɗan rakiya.”

Ya ce ba inda za ta. Ta ce to. Amma ba ta cire takalmin ba. Mako biyu da shi take taka keke, da shi take zuwa kasuwa sayen zare, masu kawo ɗinki suna dariya suna tambaya ko yaƙi za a yi. Ta ɗinka wa kanta wando mai kauri da riga mai tsaga a gefe. A kwana na huɗu ta ga shi ma ya sa nasa ya fita sayen batir. A kwana na goma ya ce, ba tare da ya dube ta ba, in dai da gaske take, ruwa lita biyu-biyu ne, kuma da sassafe ake tashi.

Zuwan farko ba su kai ko'ina ba. Bayan awa ɗaya ta zauna a kan wani kututture ta ce ko za a yanka ta ba ta ƙara taku ɗaya. Suka juyo, hanyar da sauƙi a nan, yana dogara sanda, yana tafe a hankali yana mata tsiya. Ta lura tsiyar tana rage masa kallon ƙasa, sai ta bar shi ya yi ta yi.

Asabar ta biyu suka wuce kututturen. Hanya ta tsuke, itatuwa suka ragu, ƙasa ta koma tsakuwa da duwatsu. Yana gaba yana nuna mata abubuwa da sanda: ga inda ruwa yake tsattsafowa ko da rani, ga dutsen da yake hutawa, ga ramin da ya taɓa ganin bushiya. Ta ji muryarsa ta dawo irin ta da. Sai da suka iso wani falalen dutse mai faɗi, fari-fari, wanda ya kwanta a karkace kamar rufin kwano, ya tsaya cak. Ba ta tambaya ba, ta san nan ne ya faɗi. Suka haye shi da hannu da ƙafa, ba wanda ya waiwaya.

Rana ta take tsaka suka kai. Ƙarfen ya fi yadda take zato girma, yana kuka a cikin iska, kewaye da shingen waya. Injiniya ya zagaya shi, ya leƙa ta shinge, ya yi tsaki ya ce wanda aka ba riƙo bai goge farantan ba ko sau ɗaya. Ita kuwa ta matsa bakin tsaunin don ta nemo rufin gidansu. Garin ya zama kamar maɓallan da aka zubar a tire. Nan take ƙasa ta juya mata, ta zauna daɓas.

“Injiniya, ta ina ake sauka?”

“Ta inda aka hau.”

“Ba wata hanya?”

“Babu.”

Da tana hawa, dutse ne a gaban hancinta. Yanzu da za a sauka, babu komai a gabanta sai sarari. Ta riƙe bayan rigarsa, suna tafe kamar makaho da ɗan jagora, ba a san wane ne wane ba. Haka har bakin falalen. A nan ya tsaya. Ta ji bayansa ya sandare a hannunta, ta ji numfashinsa ya canja. Ta zo ne don ta ƙarfafa shi, ta tanadi maganganu tun daga gida, amma ta laluba ta rasa ko ɗaya.

“Wallahi tsoro nake ji,” ta ce. “Ba don kai na faɗa ba. Ni nake ji.”

Ya ajiye sanda, ya zauna a bakin dutsen, ya miƙe ƙafafu gaba.

“Zauna. Da gindi za mu sauka. Ki kafa dunduniya, ki ja jiki, ki sake kafawa.”

Haka suka yi, gefe da gefe, suna ja kamar yara masu koyon rarrafe. Haƙoran takalman suna kama dutsen ƙam, ko gezau. Sun kai tsakiya ke nan sai suka ji motsi a bayansu. Wasu mata biyu ne, kowacce da ɗaurin itace a ka, silifas ɗin roba a ƙafa, suka gangaro falalen a tsaye suna hirarsu. Ta gaban ta dubi manyan takalman nan huɗu, ta dubi masu su, ta ce cikin ladabi, “Sannunku da hutawa.”

“Yauwa, sannunku da aiki,” in ji Injiniya.

Suna ɓacewa Tela ta fashe da dariya, shi ma ya kama, har hawaye, har sai da ta riƙe ciki. Cikin dariyar ne ya ja jiki, sai ji suka yi ɓarrr, wandonsa ya yage daga baya.

Da dariyar ta lafa, ya nuna wani lungu a ƙasa kaɗan, inda wata 'yar bishiya ta fito daga tsagar dutse.

“Can na kwanta.”

Ta duba. Wuri ne kawai, da busasshiyar ciyawa da kashin awaki. Ta kama hannunsa, suka zauna suna kallonsa har ya ishe shi.

Sauran taku kamar goma a gama falalen. Ya jawo ƙafarta ya kwance igiyar, ya buga dunduniyar baya, ya sake ɗaurewa da ƙarfi a wuya don kada yatsu su zame gaba, ya yi wa nasa haka. Sannan ya miƙe tsaye. Ya juya gefe, ya sa ƙafar dama, ya ɗora mata nauyi a hankali, ya jawo ta hagu. Ya miƙo mata hannu.

“A karkace, ba gaba-gaɗi ba. Ki sa duk tafin, ki lanƙwasa gwiwa. Kada ki kalli gari, ki kalli inda za ki taka.”

Ta tashi. Hannunsa jiƙe yake sharkaf, nata ma haka. Suka ƙirga goman nan tare, a fili.

Ranar Litinin ya kira Oga ya ce zai koma, amma da sharaɗi biyu: a kafa turaku da sarƙa a falalen nan, kuma kada a ƙara tura mutum ɗaya shi kaɗai, ko shi ko wani. Ya faɗi dalilin bai ɓoye ba. Oga ya ce zai kai maganar sama. Sarƙar ta ɗauki wata uku kafin a kafa, amma abokin tafiya an ba shi tun makon farko. Tsoron bai bar shi gaba ɗaya ba. Ya gaya mata in an yi ruwa har yanzu da zama yake sauka wurin, kuma ya daina jin kunyar hakan.

Ita kuwa Tela, kwana huɗu ta yi cinyoyinta ba sa lanƙwasuwa. Keke ya gagare ta, ɗinkin mutane ya taru, ta riƙa ba da haƙuri daga kwance. A rana ta biyu ya shigo da baho na ruwan ɗumi da tawul, ya zauna a ƙasa yana gasa mata ƙafa, tana ihu tana cewa a hankali.

“Asabar mai zuwa ma za mu?” ya tambaya.

“Allah ya kiyaye. Na gani, ya isa.”

“To wandona fa? Yana nan yadda yake.”

Ta nuna masa ƙofar shago da haɓa.

“Allura tana cikin gwangwani, baƙin zare yana kan teburi. Ka ɗinka ta ciki, kada ka ba ni kunya a layi.”